Awo Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe tara da kwata Injiniya ta banko ƙofar ofishina ba ko sallama, ta jefa min takarda a kan tebur.

"Sun matso da zaman," ta ce. "Yau ne, ƙarfe biyu."

Na karanta sau biyu. Kwamitin binciken jami'a zai yanke hukunci a kan zargin da ake wa Malam na maguɗin awo. In zargin ya tabbata, za a janye aikin da ya yi shekara ashirin da uku yana haɗawa, a cire sunansa daga ƙofar ɗakin hangen taurari, a rubuta wa duk mujallar da ta taɓa buga shi cewa maƙaryaci ne. Shi kuwa mutumin wata biyar ke nan yana kwance a gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kalmomin da suka rage a bakinsa ba su kai yatsun hannu ɗaya ba.

Duk rayuwar Malam a kan tauraro guda ta ƙare. Tsohon tauraro ne, ya kusa cinye wutarsa, ya kumbura ya yi jawur. Malam ya lura yana tangaɗi, ya matso ya ja baya, kamar ƙaton da yara biyu suka rataye masa a hannuwa. Ya ce wasu abubuwa biyu ne ke zagaye shi suna jan sa. Sun fi duniyarmu nauyi sau dubbai, amma ba su kai nauyin da za su kama wuta su zama taurari ba. Wadanni ake ce musu. Ba a ganin su, tangaɗin ƙaton ne kawai ke tona asirinsu.

Ɗalibai ba su bar wannan dama ta wuce ba. Ni da Injiniya muka zama wadannin Malam, tunda mun shekara ashirin da uku muna zagaye tsoho babu wanda ya kama wuta. Ita ke kula da madubin hangen nesa, ni ke riƙe da kundin awon tangaɗin tauraron, shi ya sa ake ce min Magatakarda. Digirin dakta kuwa daga ni har ita sai dai mu gani a ƙofar wasu.

Wanda ya kawo zargin, Dakta, ni na koya masa yadda ake buɗe rufin kubbar ɗakin hangen taurari. Ya dawo daga waje da digirinsa, ya buɗe tsohon kundi, ya tarar da awo arba'in da ɗaya a jere, na wata huɗu, an soke su da jan biro ba a rubuta dalili ba. Da ya mayar da su cikin lissafi sai wada na biyu ya ɓace. Ya ce Malam ya zubar da abin da bai yi masa daɗi ba don ya ƙago abin da babu.

Awon nan ni na ɗauke su, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin Malam ya tafi aikin ido. A kansu na gina digirina. Ya dawo, ya duba, ya soke su gaba ɗaya, ya ce min, "Bari tukuna." Bai ƙara kalma ba. Tun ranar nake gaishe shi da baki, zuciyata kuwa tana cewa ya danne ni.

"Tashi mu je wajensa," Injiniya ta ce.

"Ya ce mana me? Mutumin da 'to' da 'bari' kaɗai suka rage masa?"

"Ko da ido ne ya yi magana. Ko kana so su cire sunan ne, ka huce?"

Na ɗauki makullin mota.

Mama ce ta buɗe mana, matar Malam, hannunta riƙe da ƙaramin tawul. Idonta ya kumbura amma bakinta na nan yadda na san shi.

"'Yan rakiya sun iso," ta ce. "Ku shigo. Tun safe ya ƙi karɓar komai. Na rantse ya ji labarin, ban san ta ina ba."

An mayar da falo ɗakin jinya. Gadon ƙarfe a inda kujeru suke a da, kwalaben magani a kan talabijin, keken guragu a bayan ƙofa. Malam ya rame har zobensa ya koma babban yatsa. Na durƙusa a gefen gadon.

"Malam, barka da hutawa. Ƙarfe biyu za su zauna. Awon nan da ka soke suke tambaya. Me ya same su?"

Ya dube ni da idon da ke motsi.

"Gajimare ne?" Injiniya ta ce. "Madubi ne ya goce? In laifin na'ura ne ka matsa hannuna, ni zan ɗauka."

Bai matsa ba.

"Malam, don Allah," na ce. "Za su ce ka yi ƙarya. Jikokinka za su karanta."

"Bari," ya ce. Bakin ya karkace, yawu ya gangaro, Mama ta share.

Muka yi ta juya tambaya kusan awa guda. Injiniya ta kawo takarda da biro, ta sa masa a hannun hagu, ya sake shi ya faɗi. Ta rubuta haruffa manya ta ce ya nuna, ya kau da kai bango. A nan na gane ba kasawa ba ce kawai. Ƙi ya yi.

Injiniya ta fita baranda. Ina jin ta tana jan hanci, macen da ban taɓa ganin hawayenta ba ko ranar da injin kubba ya datse mata yatsa.

Mama ta dubi agogon hannun Malam, wanda ya yi masa yawa har an ƙara huda madaurin, ta yi tsaki, ta juya ta dubi na bango.

"Kullum sai ya yaudare ni," ta ce. "Lokacin magani ya yi, shi yana nuna saura awa. Shekara arba'in ina fama da agogon nan. Ɗaurin auren ƙanwata mun iso ana watsewa. Sunan ɗanmu na fari, uban jariri ne ya zo ƙarshe. In na yi magana ya ce agogon duniya ne, duk masu aikin taurari da shi suke aiki. Na ce to, duniyar ce za ta ba ka abinci."

Na yi murmushin dole. Dokar ɗakin hangen taurari ce: duk wanda ya fara aiki, ranar farko Malam zai karɓi agogonsa ya mayar da shi baya da awa ɗaya. Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Mu ma ba a tsaye muke ba. Duniya na juyawa da mu, wani lokaci ta kai mu wajen tauraron, wani lokaci ta janye mu. Dole a cire wannan gudun daga kowane awo, kuma lokacin da ka rubuta ne kaɗai ke faɗin nawa za a cire. Ka kuskure awa ɗaya, lissafi ya tafi.

"Kai dai ka fi shi hankali," Mama ta ce, ta nuna hannuna da haɓa. "Naka daidai yake da na mutane."

Na dubi agogona. Sha ɗaya da minti biyar, daidai da na bango.

Na sake dubawa.

Yaushe na mayar da shi agogon gari? Na san ranar. Maiɗakina tana kwance a asibiti, na iso da kwanon abinci na tarar an rufe ƙofar masu ziyara tun awa ɗaya, mai gadi ya ƙi ko saurarona. A bakin ƙofar nan na tsaya na murza agogon gaba, na ce ba zai sake faruwa ba. A satin ne kuma tsawa ta ƙona agogon bangon kubba, ba a kawo sabo ba sai da Malam ya dawo. Wata huɗu. Shekara goma sha biyu hannuna ya saba kwafe abin da wuyan hannuna ya nuna, ya ci gaba da kwafewa, kaina kuwa yana ɗakin jinya na mata.

Ban san na miƙe ba sai da na ji an riƙe ni. Malam ne, da hannun hagu. Ya kama wuyan hannuna, tafinsa ya rufe fuskar agogon ruf. Ƙarfin da ke cikin yatsun nan ban san daga ina ya samo shi ba.

"Bari," ya ce.

"Ka sani," na ce. "Tun ranar ka sani."

"Bari."

A shekarar ce hukumar jami'a ke neman sallamar ɗayanmu, ni ko Injiniya, kowa ya san kuskure kaɗan ya isa. Da ya gyara lokacin a kundi, dole ya rubuta dalili da sunan mai laifi. Ni kuma sati uku da binne matata, ga 'ya 'yar shekara uku a hannu. Sai ya ɗauki jan biro, ya bar ni ina zaginsa a zuci shekara goma sha ɗaya.

Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne karo na farko da na saɓa masa.

A mota na faɗa wa Injiniya.

"Ka san me za su yi maka?" ta ce.

"Na sani."

"Dakta na da yaronsa da yake so ya ba kujerarka. Shekararka hamsin da ɗaya. Ina za ka?"

"Ki bar wannan. In an ja lokacin baya da awa ɗaya, awon za su hau layin lissafin Malam?"

"Ina zan sani? Sai na gwada. Kuma ko sun hau, cewa za su yi mun zaɓi awa ɗaya ne don ta yi mana daidai. Yaron gida ya zo ya ɗauki laifin ubangidansa, wa zai yarda? Hujja ake so, a cikin kundin, da tawadar wancan lokacin."

Kundin kuwa yana kulle a ofishin kwamiti. Muka je, sakatare ya ce umarni ne, babu mai taɓa shi sai a zaure. Na roƙe shi minti biyar, ya ce ko ɗaya. Na kira shi da sunan mahaifinsa da muka yi makaranta tare, ya ce in yi haƙuri, shi ma aikinsa yake tsaro. Sha biyu da rabi. Muka koma ofishina, wuta ta ɗauke. Kwamfutar Injiniya saura kashi goma sha tara, ta rage hasken fuskar har sai ta kanga hannu kafin ta gani, ta fara shirya lissafin.

"Yi tunani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Me zai nuna agogon gari ne ba na duniya ba?"

"Fitowar rana," na ce a hankali. "A watannin nan rana na fitowa shida da rabi a gari. Biyar da rabi ke nan a agogon duniya. In akwai awon da aka rubuta bayan biyar da rabi, to ko dai na ga tauraro da rana tsaka, ko agogon ba shi ba ne."

Ta ɗago. "To ai shi ke nan."

"Ba na kaiwa ƙarshe a lokacin. Wajen ƙarfe biyar nake rufewa in tafi asibiti."

"Kullum?"

Akwai rana ɗaya. Shafin nan ban sake buɗe shi ba tun da na rufe, kuma ban tuna abin da na rubuta a ciki ba.

Zauren taron na hawa na uku ne, dogon tebur, fanka a tsaye. Shugabar kwamiti a tsakiya, tsohuwar farfesar lissafi mai gilashi a kan hanci, mutum biyu a kowane gefenta. Kundin na gabanta cikin leda. Dakta ya yi minti ashirin yana bayani, kuma ban ga laifinsa ba, aikinsa tsaf yake. Ya haska zane a bango: layi mai hawa da sauka, ɗigo ɗari uku a kansa kamar tsuntsaye a waya, sai arba'in da ɗaya jajaye a warwatse can gefe.

"Akwai mai magana a madadin wanda ake zargi?" Shugaba ta ce.

Na miƙe.

"Ranki ya daɗe, awon nan ni na lalata su."

Na faɗi komai, agogon bango, asibiti, mai gadi. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya jingina da kujera ya naɗe hannu.

"Malam Magatakarda," Dakta ya ce, muryarsa a tausashe, "kowa ya san irin biyayyarka. Ni ma ka koyar da ni. Amma shekara goma sha ɗaya ba ka tuna ba sai yau da rana?"

"Sai yau da sha ɗaya da minti biyar."

Wani ya yi dariya. Shugaba ba ta yi ba.

"Kana da abin da za ka nuna ban da bakinka?"

Na faɗi maganar fitowar rana. Ta zare kundin daga leda ta turo min. "Bismillah."

Na fara daga farko, ina karanta awon ƙarshe na kowane shafi da ƙarfi. Huɗu da arba'in. Biyar saura biyar. Biyar da minti biyu. Huɗu da rabi. Biyar da goma. Biyar saura kwata. Shafi talatin suka wuce babu ko ɗaya da ya haye biyar da rabi. Mai naɗe hannun ya dubi agogonsa. Injiniya ta raɗa min, "Saura kashi shida."

Biyar da kwata. Biyar daidai. Shafi na talatin da bakwai, na talatin da takwas.

Na tsaya.

"Ci gaba," Shugaba ta ce.

Ranar nan likita ya ce min maiɗakina ta samu sauƙi, har ta sha shayi da kanta. Sama ta yi garau yadda ba ta yi ba cikin wata huɗu. Na ce bari yau ɗaya in kai ƙarshe. Na kai ƙarshen, na rufe kubba ina fito da baki, na isa asibiti na tarar an ja labule an naɗe katifa.

Na juya shafin. Rubutuna ne, mai kyau, a natse. Ban iya karantawa ba, na tura wa Shugaba.

Ta gyara gilashi. "Shida da minti goma sha biyu," ta karanta. Ta dubi kwanan watan, ta ɗauki wayarta ta yi 'yan danne-danne, ta daɗe tana kallo. "A agogon duniya, rana ta yi minti arba'in da fitowa." Ta juya wajen Dakta. "Ana ganin tauraron nan da hantsi?"

Dakta ya zagayo ya duba shafin da kansa. Ya duba tawadar, ya duba bayan takardar.

"Ba a gani, ranki ya daɗe."

"Shida da ashirin aka rubuta a takardar rasuwar matata a asibiti," na ce. Babu wanda ya tambaye ni.

Injiniya ta ajiye kwamfutarta a gaban Shugaba, 'yan kwamitin suka taso suka kewaye. "Zan ja kowane ɗaya baya da awa ɗaya," ta ce. "Ban taɓa komai ba bayan wannan. Dakta, zo ka danna da hannunka, kada a ce."

Ya danna. Jajayen ɗigon suka tashi gaba ɗaya suka sauka a kan layin, daidai kan gangaren da wada na biyu ke ja. Uku suka rage a waje. Na buɗe shafukansu, a gefen kowanne da rubutuna: gajimare.

Fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Sun fitar da mu minti arba'in. Da aka kira mu, Shugaba ta karanta a tsaye. Babu maguɗi. Malam ya yi kuskuren soke awo ba tare da rubuta dalili ba, za a buga gyara a mujalla, sunansa na nan a inda yake. Gyaran zai ɗauki sunan wanda ya rubuta lokacin. Sannan ta dube ni ta saman gilashi.

"Makullin kubba za ka bar wa sakatare, har hukuma ta duba lamarinka. Ba ni da yadda zan yi."

Na ciro shi daga zoben makullaina. Ya ƙi fita, sai da Injiniya ta sa farce.

A matakala Dakta ya tsayar da ni. "Awon da kyau," ya ce. "Da su layin ya fi ƙarfi fiye da da."

"Na gode, Dakta."

La'asar ta yi muka koma gidan. Mama na bakin ƙofa tun kafin in kashe mota.

"Sunan na nan," Injiniya ta ce mata. Mama ta zauna a kan dakali ta rufe fuska da tawul ɗin.

Na shiga ni kaɗai. Malam ya dubi fuskata, sannan ya dubi zoben makullan da ke hannuna. Shi ya ba ni wancan makullin, ya san gurbinsa. Idonsa ya cika.

"Wadannin biyu suna nan, Malam," na ce. "Talatin da takwas sun hau layi."

Ya daɗe yana kallona. Bakin ya yi ta motsi kafin kalmar ta fito.

"To," ya ce.

Mama ta leƙo tana share ido. "Ƙarfe nawa? Kada maganin la'asar ya wuce."

Na dubi hannuna, na faɗa mata.